Kada icce da injin zarto: izini, dabarar yanka da abin da ake samu

Injin zarto, wanda ake kira tronçonneuse da Faransanci, ya zama sanannen kayan aiki a gundumomin Ƙonni, Malbaza da Illela cikin jihar Tawa. Ana jin kukansa a garake, a gonaki bayan girbi, da cikin unguwanni idan bedi ya tsufa ya fara barazana ga katanga. Iccen da mai gatari zai wuni a kansa, injin na kada shi cikin ƴan mintoci, kuma da wannan saurin kuskure yake zuwa. A Jamus, Andreas Stihl ya ƙera mai aiki da lantarki a 1926, kamfanin Dolmar ya fitar da mai shan fetur a 1927. A kasuwannin yankin ana samun Stihl, da Husqvarna na ƙasar Suwidin, da kwaikwayonsu ƙirar Sin masu araha.

Wannan yanki ba shi da dajin katako. Mafi yawan katakon da kafintoci ke aiki da shi daga ƙasashen bakin teku yake shigowa. Abin da ake yanka a nan itatuwa ne da wani ya dasa ko ya raina: bedi, turare, bagaruwa, da layukan kare iska irin waɗanda ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara dasawa a kwarin Majiya, wajen Buza, a 1975. Iccen da aka ɓata wajen yanka, shekarun mai shi ne suka salwanta.

Takarda kafin inji

Dokar gandun daji mai lamba 2004-040 ta 8 ga Yuni 2004 ita ce ke tsara sare itatuwa a Nijar. Gawo, giginya, kuka, tsamiya da maɗaci suna cikin waɗanda hukuma ta kare. Ba a kada su sai da izinin ma'aikatan gandun daji, ko da cikin gonar mutum suke. Yankan itace don sayarwa da ɗaukar shi zuwa birane ma yana da nashi tsari tun dokar 92-037 ta 1992, wadda ta kafa kasuwannin itace na karkara. Mai injin haya ya nemi ganin takarda da idonsa kafin ya tada inji, don kalmar "an riga an gaya musu" ba ta hana tara.

Yadda ake kada shi

Aikin yana farawa da zagaya iccen. A duba inda ya karkata, gefen da rassa suka fi nauyi, ko akwai kogo ko gara a gindi, ko busasshen reshe da zai iya faɗowa, ko gidan zuma. A cikin gari a ƙara da wayoyin lantarki da rufin maƙwabta. Ranar da iska ke kaɗawa da ƙarfi a bar aikin. Duk wanda ba mai yanka ba ya tsaya nesa da tsawon iccen sau biyu, kuma wannan ƙa'ida ce ta fi wuyar kiyayewa, don ƙarar inji na tara yara kamar kiɗan biki. Mai yanka ya share wa kansa hanyar gudu ta baya, a karkace zuwa dama ko hagu, tunda gindin icce na iya zabura baya sak lokacin faɗuwa.

Yanka uku ne. Biyu na farko suna buɗe "baki" a gefen da ake son iccen ya faɗi: ɗaya daga sama a karkace, ɗaya a kwance, su haɗu daidai, zurfinsu kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin gindi ko kusa da haka. Na uku ana yin shi daga baya, a kwance, sama kaɗan da ƙasan bakin. A nan ne gwaninta take: ba a ratsa iccen har ƙarshe. Ana barin ɗan nama tsakanin yankan baya da baki, kimanin kashi ɗaya cikin goma na kauri, wato santimita 4 ga icce mai kaurin santimita 40. Wannan mariƙin shi ke jan iccen inda aka nufa, kamar yadda ƙarfe ke riƙe ƙyaure jikin ƙofa. Wanda ya cinye shi ya saki linzami, iccen zai faɗi inda ya ga dama. Idan iccen ya zauna ya matse zarto, a buga masa guntun icce mai kaifin baki cikin yankan baya. Idan ya fara tafiya, a zare inji a ja da baya, ido na kansa.

Icce mai karkata sosai yana da nashi haɗari: yana iya tsagewa tsaye tun ba a gama ba, ɓarin ya bugi mai yanka. Wanda kuma ya faɗi ya saƙale kan wani, ba a shiga ƙarƙashinsa, ba a hawansa. A jawo shi da igiya daga nesa.

Harbin inji

Raunuka mafi muni suna zuwa ne idan saman ƙarshen takobin injin ya taɓa wani abu, sai injin ya yi harbi sama zuwa fuska ko kafaɗa. Sarƙar na gudun kusan mita 20 a daƙiƙa, ba hannun da zai riga ta. Kariya ita ce riƙo da hannu biyu, babban yatsa zagaye da mariƙin gaba, kada a yi yanka sama da kafaɗa, kuma birkin sarƙa ya zama yana aiki. Hular kwano, tabarau, safar hannu, takalmi mai rufi da abin toshe kunne wajibi ne, don ƙarar ta haura desibel 100. Silifa, babbar riga da rawani mai jela ba kayan wannan aiki ba ne. Idan an ji ciwo, a danne wurin da ƙyalle mai tsabta a nufi gidan likita mafi kusa ba tare da jinkiri ba.

Injin yana shan fetur gauraye da baƙin mai na musamman, yawanci mililita 100 cikin lita 5. Fetur na ƴan ruwa-ruwa a tace shi tukuna. Ƙurar hunturu da yashin da ke maƙale cikin ɓawo suna dakusar da haƙora da wuri. Alamar ita ce injin ya daina fitar da ɓarɓashi ya koma fitar da gari, lokacin magagari ya yi.

Lissafin abin da ake samu

Kafin ciniki ana iya auna gungume da igiya. A ɗauki kewayen tsakiyarsa, a ninka shi da kansa, a ninka da tsawo, sannan da 0,08. Gungume mai kewayen mita 1,2 da tsawon mita 3 yana ba da kusan kashi ɗaya cikin uku na mita kubik. Sai dai ba dukkansa ke zama katako ba. Sarƙa na cin milimita 8 zuwa 10 a kowane yanka, alhali zarton masana'anta 2 ko 3 yake ci. Duk yanka uku ko huɗu, fallen katako guda mai kaurin santimita 3 ya zama gari. Wannan asara na cikin dalilan da suka sa Gana ta haramta tsaga katakon sayarwa da irin wannan inji a 1998. Ga bedi da turaren yankin, sau da yawa sandunan rufi da itacen girki sun fi fallaye riba.

Kututture ma dukiya ne. Bedi da turare suna toho bayan yanka idan an yi shi sumul, a ɗan karkace don ruwan sama ya zurare. Inda awaki ke yawo, gara a yanke kan bedi a tsayin mita 2 ko fiye, a bar gangar ta sake fitar da rassa inda bakinsu ba ya kaiwa. Daga cikin tohon a zaɓi biyu ko uku mafi ƙarfi a cire sauran, kamar yadda masu sassaben zamani suke yi a gonakinsu.