Waƙa, Tarihi da Sinima: Nazari a Kan Farautar Bonnie Parker da Clyde Barrow

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne duba yadda labari ɗaya yakan sauya kama idan ya bi ta hannu uku, watau hannun mawaƙi da na masanin tarihi da na mai shirya sinima. Misalin da aka ɗauka kuwa shi ne na waɗansu 'yan fashi biyu na ƙasar Amurka, mace da namiji, Bonnie Parker da Clyde Barrow, waɗanda hukuma ta yi ta farauta tun daga 1932 har zuwa 1934. An zaɓe su ne domin ita matar ta bar rubutattun waƙoƙi game da zamansu, ga kuma bayanan hukuma, daga baya aka yi finafinai. Abin da za a nuna shi ne, dangantakar da waƙa ta ɗaukaka ita ce igiyar da masu farautarsu suka bi har suka cim musu.

2.0 Asalinsu

An haifi Clyde a 1909, Bonnie kuma a 1910, dukansu a jihar Teksas, sun kuma tashi a unguwannin talakawa na gefen birnin Dalas. Sun haɗu a watan Janairu na 1930. A lokacin Bonnie tana da igiyar auren wani Roy Thornton, ba a kuwa warware ta ba har ta mutu. Ba da daɗewa ba aka kama Clyde, ita kuma ta kai masa ƙaramar bindiga a ɓoye gidan wakafi na Waco. Ya tsere, aka sake kama shi, aka kai shi gonar fursuna ta Eastham, inda azabar aiki ta sa ya yarda aka datse masa yatsun ƙafa biyu. An sake shi a watan Fabrairu na 1932 yana cike da ƙullin hukuma.

Zamanin na karayar tattalin arziki ne, wadda ta soma a 1929, bankuna suna ƙwace gonakin mutane saboda bashi. Wannan ya sa talakawa da yawa ba su ƙi mai fashin banki ba. Amma yawancin fashin da waɗannan biyu suka yi a ƙananan kantuna ne da gidajen mai, watau talakawa 'yan'uwansu suka fi cuta.

3.0 Abin da Waƙa Ta Faɗa

Bonnie ta rubuta waƙoƙi sa'ad da aka tsare ta a garin Kaufman a 1932. Duniya ta san da baiwarta ne bayan 13 ga Afrilu 1933, ranar da aka kai musu samame a Joplin ta jihar Misuri. Sun kashe jami'ai biyu suka gudu, suka bar waƙa guda da fim ɗin hoto wanda ba a wanke ba. Da jaridu suka buga hotunan, musamman wanda Bonnie take riƙe da bindiga ga taba a bakinta, sai sunansu ya gama ƙasar.

Waƙar da ta fi muhimmanci ita ce wadda ta ba mahaifiyarta a watan Mayu na 1934, 'yan makonni kafin ajalinsu. Jigoginta uku ne. Na farko, ƙorafi a kan cewa hukuma takan ɗora musu duk laifin da ta rasa mai shi. Na biyu, riƙon amana da ƙin masu tona asiri. Na uku, saduda ga mutuwa, inda ta ce wata rana za su faɗi tare, a kuma binne su gefe da gefe. A nan ya kamata manazarci ya lura da abin da waƙar ta yi shiru a kai. Ƙungiyarsu ta kashe jami'an tsaro aƙalla 9, ban da farar hula, amma ba ta ambaci sunan ko ɗaya ba. Waƙar dai hujja ce ta yadda Bonnie take son a tuna da su.

4.0 Abin da Tarihi Ya Nuna

Abin da ya tsawaita gudunsu shi ne tsarin mulkin ƙasar. 'Yan sandan kowace jiha ikonsu yana tsayawa a iyakarta, Clyde kuwa yakan saci motoci masu gudu, galibi Ford V-8, ya yi fashi a wannan jiha ya kwana a waccan.

Al'amarin ya sauya ran 16 ga Janairu 1934, sa'ad da suka far wa Eastham suka kuɓutar da fursunoni, cikinsu har da Henry Methvin, aka kuma harbi wani gandiroba ya mutu. Shugaban gidajen yarin Teksas, Lee Simmons, sai ya ɗauko wani tsohon jami'in tsaro, Frank Hamer, ya damƙa masa aikin. Hamer bai yi tsere da motarsu ba. Ya zauna ya nazarci tafiye-tafiyensu, ya gano cewa da'ira suke yi a kan iyakokin jihohi, kuma komai nisan gudu sukan koma ganin danginsu. Daɗin daɗawa, ran 1 ga Afrilu 1934 aka kashe 'yan sandan hanya biyu kusa da Grapevine, abin da ya sa jama'a suka juya musu baya.

Da yake Methvin ɗan jihar Luwiziyana ne, can aka karkata. Danginsa suka yarda su taimaka muddin Teksas za ta yafe wa ɗansu. Ran 23 ga Mayu 1934 jami'ai shida suka yi kwanton ɓauna a hanya kusa da Gibsland, aka ajiye motar mahaifin Methvin a gefen titi. Da Clyde ya rage gudu don ya duba uban abokinsa, sai aka buɗe wuta. Ke nan zumunci ne ya tsayar da motar, ƙaunar uba ga ɗansa kuma ita ta karya amanar da waƙa ta yi alfahari da ita. Rabin hasashen Bonnie ya tabbata, domin sun mutu tare. Sauran rabin bai tabbata ba, domin mahaifiyarta ta ƙi, aka binne su a maƙabartu dabam-dabam a Dalas.

5.0 Abin da Sinima Ta Yi

A 1967 Arthur Penn ya shirya fim mai suna Bonnie and Clyde, inda Warren Beatty da Faye Dunaway suka fito, ya kuma ci kyautar Oscar biyu. Wannan fim ya bi sawun waƙar, har ya sa an karanta ta a ciki. Domin soyayyar ta haskaka, sai aka dusashe mai farautar: an nuna cewa sun kama Hamer sun wulaƙanta shi, shi ya sa ya bi su da ramuwa. Wannan bai faru ba ko kaɗan. Hamer ya rasu a 1955, matarsa da ɗansa suka kai kamfanin Warner ƙara, aka sasanta a 1971. A 2019 John Lee Hancock ya shirya The Highwaymen, inda Kevin Costner ya fito a matsayin Hamer. Shi kuma ya juya madubin, da ƙyar ake ganin fuskokin masoyan sai a ƙarshe.

6.0 Kammalawa

An ga yadda waƙa ta zaɓi amana da soyayya, fim na farko ya gaji wannan zaɓi, na biyu ya ɗauki gefen hukuma. Masanin tarihi ba zai yar da waƙar ba, domin ita ta nuna ƙarfin alaƙar da Hamer ya gina dabararsa a kai. Sai dai wajibi ne ya aza ta kusa da jerin sunayen waɗanda aka kashe a Joplin da Eastham da Grapevine, tun da su ba su bar waƙa ba.