Masauki da Liyafar Matafiyi a Hanyar Katsina zuwa Maraɗi

Hanyar da ta tashi daga birnin Katsina ta nufi yamma maso arewa, ta ratsa ƙasar Jibiya, inda Gangara da Magama suke, sannan ta tsallaka iyaka zuwa Ɗan Isa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, tana cikin hanyoyin da tarihin masauki a ƙasar Hausa ya fi bayyana a kansu, domin a nan ne ake iya ganin yadda saukar baƙo, wadda a da wajibi ce ta addini da mutunci, ta riƙa sauya kama bisa ga sauyawar mulki da kasuwanci.

Asalin lamarin shari'a ce da al'ada. Malamai sun karantar da cewa liyafar baƙo kwana uku ce, kuma ibnus sabil, wato matafiyin da guzurinsa ya yanke, yana cikin jinsi takwas da zakka ta halatta a gare su. Saboda haka duk wanda magariba ta riske shi a ƙauye, sai ya nufi masallaci ko zauren mai gari, a kawo masa ruwa da fura, in dare ya yi kuma tuwo ya fito daga gidaje, ba tare da an tambaye shi ko anini ba. Amma fatake, waɗanda suke zuwa da ayari da jakuna da raƙuma, sha'aninsu daban ne. Su zango suke sauka, galibi a gefen gari, madugu kuwa ya nemi fatoma, wato maigidan da zai ba su ɗaki, ya adana kayansu, ya nemo dillali, ya tsaya musu a kan bashi, a ƙarshe ya karɓi la'adarsa daga cinikin da aka ƙulla. Wannan tsari, a ganina, ya fi kowane gini cancantar a kira shi masaukin Bahaushe, domin jarinsa amana ce, kuma shi ne fataken goro suka ɗauka har ƙasar Gwanja da ke Gana, inda unguwannin baƙi suke amsa sunan zango har yau.

Sai dai a ƙarni na 19 wannan yanki bai zauna lafiya ba. Bayan masu jihadi sun ci Katsina a 1807, zuriyar tsofaffin sarakuna ta yi hijira arewa, ta kafu a Maraɗi a ƙarƙashin Ɗan Kasawa, daga nan kuma dajin da ke tsakanin garuruwan biyu ya zama fagen hari da ramuwar gayya shekaru da dama. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya shigo Katsina a 1851 daga wajen Tasawa da Gazawa, ya tarar da ganuwa mai faɗin gaske amma mazauna kaɗan, kasuwanci kuwa ya riga ya karkata zuwa Kano.

Da Ingila da Faransa suka shata iyaka, aka kafa alamominta tsakanin 1906 da 1908, hari ya ƙare, amma sai ga wani sabon abu da fatake ba su saba da shi ba, wato jira a bakin shinge har jami'in kwastan ya gama bincike. Jiran nan shi ya raya masu abinci. Da motoci suka maye gurbin ayari, tasha ta gaji zango, sai rumfunan masu tuwo da miyar kuka, da masu shayi da burodi, da mahauta masu tsire da balangu, da Fulani mata masu fura da nono suka kewaye ta, ga kuma 'yan canji masu musayar naira da sefa. Kasuwar Jibiya, wadda take ci ranar Lahadi, takan tara Katsinawan ɓangarorin biyu, waɗanda harshensu ɗaya ne, auratayya kuma ba ta yanke a tsakaninsu ba, har da yawansu ba sa buƙatar ɗakin haya, gidan dangi suke sauka. Otal na kuɗi kuwa ya fi yawa a Katsina, musamman bayan ta zama babban birnin jiha a 1987, kuma a can ne baƙo yakan je kallon hasumiyar Gobarau, da ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da ya koma gidan tarihi, ko ya ziyarci kabarin Wali Ɗan Marina.

Raunin wannan arziki shi ne ya rataya a kan buɗewar iyaka. An rufe ta a Agustan 2019, ba a buɗe mashigar Jibiya ba sai a 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024 lokacin da Najeriya ta janye takunkumin da ta ƙaƙaba wa Nijar; a kowane karo masu abinci da masu dako da direbobi ne suka fara ɗanɗana ƙuncin, ga kuma ta'addancin 'yan bindiga da ya hana mutane tafiyar dare a ƙauyukan Jibiya. Ana cikin wannan hali ne, a Fabrairun 2021, aka aza harsashin layin dogo mai tsawon kimanin kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara zai bi ta Katsina da Jibiya.