Filin Ciyawar Rothamsted da Tsohuwar Gardamar Masana

A shekarar 1856, wasu Turawa biyu, John Lawes da Joseph Gilbert, suka keɓe wani filin kiwo a Rothamsted, arewa da birnin Landan, suka yanka shi ƙananan fulotai. Filin bai cika hekta uku ba, kuma ya yi aƙalla shekara ɗari garma ba ta taɓa shi ba. Lawes mai masana'antar takin zamani ne, Gilbert kuwa masanin sinadarai. Burinsu su gano takin da zai fi ba da ciyawar dabbobi. Wani fuloti aka zuba masa takin gargajiya, wani na zamani, wasu kuma aka bar su haka nan. Kowace shekara sai a yanke ciyawar, a auna, a rubuta. Har gobe ana wannan aiki a filin.

Taki ya yi aikinsa, ciyawa ta ƙaru. Sai dai cikin 'yan shekaru fulotan suka bambanta kamar ba fili ɗaya ba. Inda aka zuba naitirojin, dogayen ciyayi suka miƙe suka yi wa ƙanana inuwa har suka kashe su. Inda takin ya sa ƙasa ta yi tsami, da tafiya ta yi nisa iri biyu ko uku kaɗai suka rage, alhali fulotan da ba a taɓa ba suna ɗauke da kusan iri arba'in. Daga nan wata tambaya ta taso wadda masu filin ba su zo da ita ba: idan girbi ya ƙaru amma ire-iren tsirrai sun ragu, an yi asarar wani abu?

Magabatan masana sun ɗauka an yi. Tun a 1859 Charles Darwin ya ambata cewa filin da aka shuka wa ciyayi daban-daban ya fi wanda aka shuka wa iri ɗaya yabanya. A 1958 Charles Elton na Jami'ar Oxford ya ƙara da cewa gonar iri ɗaya da ƙaramin tsibiri sun fi saurin faɗawa hannun ƙwari da baƙin halittu. Ana nan a kan haka sai Robert May, ɗan ƙasar Ostireliya da ya fito daga fannin fiziks, ya nuna da lissafi a 1972 cewa yawan ire-iren halittu da cuɗanyarsu na iya sa adadin kowace ɗaya ya riƙa hawa da sauka. Gardama ta kaure. Masu zuwa daji suna ganin abu ɗaya, masu alƙalami suna ganin wani.

Wanda ya taimaka wajen raba gardamar shi ne fari. A Cedar Creek da ke jihar Minesota ta Amurka, David Tilman ya fara gwaji irin na Rothamsted a 1982, da fulotai 207. A 1988 aka yi farin da yankin ya yi shekara hamsin bai ga irinsa ba. Da Tilman da John Downing suka fitar da sakamako a 1994, sai aka ga fulotan da suka fi yawan iri sun ba da kusan rabin abin da suka saba, waɗanda suka fi ƙarancin iri kuwa kashi ɗaya cikin takwas kawai.

Masu suka ba su yi shiru ba. Suka ce ai taki ne ya rage ire-iren tun farko, to ta yaya za a san ba takin ne ya raunana fulotan ba? Suka ce da gaskiya. Amsar ta fito daga wani sabon gwaji da aka kafa a 1994, inda aka shuka iri 1, 2, 4, 8 ko 16 a fulotai 168 ba tare da bambancin taki ba. Bayan shekara goma ana aunawa, rahoton 2006 ya tabbatar da cewa fulotan masu iri da yawa sun fi tsayawa daram daga shekara zuwa shekara.

Abin sha'awa, Elton da May duk sun yi daidai. A fili mai iri da yawa, kowane tsiro yana hawa yana sauka kamar yadda lissafin May ya nuna. Amma ba sa faɗuwa lokaci guda. Shekarar fari mai dogon saiwa ya riƙe fili, shekarar ruwa wani ya karɓa, dangin wake kuma suna ƙara wa ƙasa ƙarfi. Jimillar girbi sai ta zauna, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga manomin ƙasar Hausa da ke haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya. Binciken David Norman a ƙauyukan Zariya, daga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, ya nuna tun wajen shekarun 1970 cewa irin wannan noma ya fi ba manomi tabbacin samun abin kaiwa rumbu.

Tsohon filin Rothamsted ma bai gama magana ba. A 1989 aka daina zuba naitirojin a wasu sassansa, kuma rahoton 2015 ya nuna tsirran da suka ɓace sun fara dawowa, musamman inda ƙasar ba ta yi tsami sosai ba. Dawowar ta ɗauki sama da shekara ashirin, kuma mai yiwuwa fulotan maƙwabta da suka adana irin sun taimaka. Filin da aka share gaba ɗaya ba shi da maƙwabcin da zai ara masa.