Keken da Sai an Auna Shi da Jikin Mai Shi

Duk wanda ya sayi sabon keken hawan duwatsu, irin mai na'urar shanye gargada gaba da baya, abin da zai fara koya shi ne ba a hawansa kai tsaye daga kwali. Sai ya sa kayan da zai fita da su, ya jingina da bango, ya zauna a sirdi, sannan ya sauka a hankali ya duba wani ɗan zoben roba da ke jikin na'urar baya, ya ga iya inda nauyinsa ya tura shi. In keken ya nutse da yawa, ya ƙara iska da wani ɗan famfo na musamman. In bai kai ba, ya rage. Abin da aka fi ba da shawara shi ne bayan keken ya nutse da kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na iyakar motsin na'urar. Wannan aiki na 'yan mintuna amsa ce ga wata tambaya da ta addabi maƙeran keke fiye da shekara ɗari: ta yaya keke zai shanye bugun hanya ba tare da ya haɗa da ƙarfin ƙafar mai tuƙa shi ba?

Tambayar ta girmi keken hawan duwatsu nesa ba kusa ba. A shekarar 1885, lokacin da John Kemp Starley ya fito da keken Rover a Ingila, wanda daga gare shi siffar keken da muka sani ta samo asali, tayoyin keke roba ce zalla babu iska a ciki. Kowane dutse da taya ta taka sai mahayi ya ji shi har ƙashin bayansa. A wannan zamanin ne kamfanin Lindley da Biggs na Landan ya ƙera keken Whippet, wanda aka rataya sirdinsa da fedarsa da kansa a kan sifirin domin raba mahayi da girgiza. Dabarar ta yi aiki, sai dai ba ta yi tsawon rai ba. A 1888 wani likitan dabbobi mazaunin Belfast, John Boyd Dunlop, ya naɗa wa keken ɗansa taya mai iska. Cikin 'yan shekaru tayar iska ta mamaye kasuwa, domin ta fi sauƙin nauyi, ta fi arha, kuma ba ta da gaɓoɓin da za su saki. Sifirin ya koma gefe. Ya kan ɓullo jefi-jefi inda hanya ta yi muni ƙwarai, kamar kekunan da kamfanin Bianchi ya ƙera wa sojojin Italiya na rundunar Bersaglieri, waɗanda suka yi Yaƙin Duniya na Farko da su. Amma ga mai tafiya a kan titi, iskar taya ta wadatar.

Abin da ya dawo da tsohuwar tambayar shi ne barin titi da gangan. A cikin shekarun 1970, wasu matasa a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka suka riƙa tsinto tsofaffin kekunan Schwinn na shekarun 1930 da 1940, masu faɗin taya da nauyin tsiya, suna gangarowa da su daga tsaunukan yankin Tamalpais. Ranar 21 ga Oktoba, 1976, suka yi tserensu na farko a wata gangara kusa da garin Fairfax, mai tsawon kilomita uku da 'yan kai, wadda ke saukowa kusan mita 400. Birkin waɗannan kekuna a cikin cibiyar tayar baya yake, ana kama shi ne ta taka feda baya. Kafin a iso ƙasa zafi ya ƙone giris ɗin ciki har yana hayaƙi, dole a kwance a sake cusa sabo. Daga nan gangarar ta samu sunanta, Repack, wato "sake cusawa".

Daga cikin waɗannan matasa ne Joe Breeze ya ƙera firam na farko da aka yi musamman domin wannan wasa a 1977. A 1979 Gary Fisher da Charlie Kelly suka fara sayar da kekuna da firam ɗin da Tom Ritchey ke haɗawa, sannan a 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, wanda ya kai irin wannan keke shagunan talakawa. Duk waɗannan kekuna a sandare suke gaba da baya. Gwiwa da gwiwar hannun mahayi su ne sifirin, kuma da yawa daga cikin mahayan farko suna alfahari da hakan.

Mutanen da suka sauya lamarin daga fagen tseren babur suka fito, inda aka daɗe da sanin cewa taya ba ta riƙe ƙasa sai idan tana iya bin tudu da kwari. Paul Turner, wanda ya yi aikin kanikancin baburan tsere, ya kafa kamfanin RockShox, ya fito a 1989 da ƙafafun gaba masu shiga cikin juna, da iska da mai a ciki. A 1990, a gasar duniya ta farko da aka yi a Durango ta jihar Kolorado, Greg Herbold ya lashe tseren gangara da irin waɗannan ƙafafu. Gardamar gaban keke ta mutu cikin ɗan lokaci.

Bayan keke ne ya yi wuya, kuma dalilin yana da kyau a fahimce shi. Babur ya fi mahayinsa nauyi, injinsa kuma yana ba da ƙarfi a jere ba yankewa. Keke akasin haka yake: mahayi ya ninka shi nauyi sau huɗu ko biyar, kuma shi ne injin, yana ba da ƙarfi dama da hagu, taku bayan taku. Kowane taku yana danna keken ƙasa, sarƙa kuma tana jan tayar baya. Idan aka sa sifirin a baya ba tare da lissafi ba, keken sai ya riƙa lilo a kowane taku, wani kaso na gumin mahayi ya tafi wajen matse sifirin maimakon tura taya. In an kama birki kuma, na'urar ta kan ƙage daidai lokacin da aka fi bukatarta. Kekunan farkon shekarun 1990 da yawa sun yi fama da waɗannan cututtuka, ga nauyi, ga gaɓoɓi masu saurin saki. Shi ya sa masu tseren hawa da sauka suka daɗe suna riƙe da keke mai sandararren baya, har bayan da wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996, inda Bart Brentjens na Holan da Paola Pezzo ta Italiya suka ɗauki zinare.

Maganin ya zo ta hanyoyi biyu. Na farko shi ne wurin da aka dasa gaɓoɓin. Mert Lawwill, tsohon zakaran tseren babur na Amurka, ya tsara wa Gary Fisher baya mai sanduna huɗu masu motsi tare. Horst Leitner, ɗan asalin Ostiriya, shi ma tsohon ɗan tseren babur, ya sa gaɓa a jikin sandar ƙasa, dab da cibiyar tayar baya, abin da ya rage tasirin birki a kan motsin na'urar. Kamfanin Specialized ya sayi haƙƙin wannan dabara, har yau kuma da sunan Horst ake kiranta. Hanya ta biyu ita ce cikin na'urar kanta: iska a matsayin sifirin, domin a iya daidaita ta da nauyin kowa, da mai da ake tursasa wa bi ta ƙananan kafofi domin a sarrafa saurin matsewa da saurin dawowa.

A nan ne tarihi ya iso hannun mai sabon keke. Tunda mahayi ne mafi yawan nauyin da na'urar ke ɗauka, babu yadda masana'anta za ta gama saita keke kafin ta san wanda zai hau. Ragowar aikin sai mai shi. Nutsewar da ya auna da zoben roba ita ce ke ba tayar sararin faɗawa cikin rami ta ci gaba da taɓa ƙasa. Ɗan maɓallin da ake murɗawa, wanda galibi ja ne, shi ke hana keken harbo shi sama bayan bugu. In an ɗaure shi da yawa kuma, na'urar ba ta gama dawowa kafin dutse na gaba, sai keken ya yi ta nutsewa yana ƙara tauri. Masu gwaninta kan ce a sauya abu ɗaya a lokaci guda, a maimaita hanya ɗaya, a rubuta abin da aka ji.

Jiki ma sai ya sake karatu. Wanda ya saba da sandararren baya ya kan miƙe tsaye a duk gargada, ya kan kuma zagaye kowane dutse. A sabon keke zai gane cewa zama a sirdi yayin hawan tudu mai tsakuwa ya fi riƙe ƙasa. Zai gane cewa fedarsa ta matso kusa da ƙasa idan keken ya nutse, don haka sai ya koyi lokacin da ake dakatar da taku. Abu mafi haɗari shi ne keken na ɓoye masa gudun da yake yi, domin hanyar da a da take girgiza shi ta gargaɗe shi yanzu ta yi laushi.

Akwai kuma farashin da Whippet ta kasa biya, wanda har yau ana biyansa. Kowace gaɓa tana da boris da ke cinyewa, kowace na'ura tana da mai da robobin da ke tsufa. RockShox na ba da shawarar a sauya man ƙafafun gaba bayan kimanin awa 50 na hawa. Matasan Marin sun sauko daga dutse da birki yana hayaƙi, suka zauna suna cusa giris. Mai sabon keke a yau ya fi su gudu, ya fi su kwanciyar hankali a kan sirdi, amma shi ma ranar zama da giris tana jiransa.