Tarihin Perovskite, Sinadarin Da Ke Neman Gadon Silikon A Farantin Sola

Jama'ar Wurno, Rabah da Goronyo masu cajin waya da sola, ku matso.

A 1839 Gustav Rose ya gano ma'adinin perovskite a tsaunukan Ural na Rasha. A 2009 Tsutomu Miyasaka na Japan ya gwada sinadari mai irin tsarinsa, amma kashi 3.8 cikin ɗari kacal na hasken rana ya zama lantarki, kuma nan da nan ya lalace.

Sirrin yana wurin shafawa. Siriri ake shafa shi kamar fenti, in ya bushe da ƙananan ramuka sai wutar ta zurare. Da masana suka iya busar da shi sumul, aka haura kashi 25.

Saura jure zafi da laima. Ranar da ya shigo kasuwa, fara tambayar shekarun garanti, don zafin Sakkwato ba wasa ba ne.