Yadda Aka Gano Nisan Andromeda

Ido ya daɗe yana ganin Andromeda kafin a san ko mece ce. Tun a shekarar 964 masanin taurari Abdurrahman al-Sufi ya kwatanta ta da ɗan ƙaramin gajimare, a 1755 kuma Immanuel Kant ya yi hasashen cewa irin wannan hazo-hazo tarin taurari ne masu zaman kansu, can nesa da namu. Magana ta tsaya a kan zato fiye da shekara 160, domin babu mai igiyar awo. A ganina, samun ma'auni ne ya raba gardama, girman madubin hangen nesa ya biyo baya.

Ma'aunin daga hannun Henrietta Leavitt ya fito, wadda aikinta a Harvard shi ne duƙufa a kan faifan gilashi na hotunan sama, inda taurari ke fitowa baƙi-baƙi kamar an barbaɗa masoro. A 1912 ta nuna cewa taurarin da ake kira Sefid, masu haskawa su dusashe su sake haskawa, gwargwadon daɗewar zagayensu gwargwadon ainihin haskensu. Wanda kuwa ya san ƙarfin fitila, da ya ga yadda ta dushe ya san nisanta. A watan Oktoban 1923 Edwin Hubble ya tsinci irin wannan tauraro a Andromeda da madubin Dutsen Wilson mai faɗin inci 100, lissafinsa ya ba shi tafiyar haske ta shekara 900,000.

Wani zai ce ai lissafin ma kuskure ne, tunda yau an san nisan ya kai shekara miliyan 2.5, bayan gyaran da Walter Baade ya fara a 1952 da ya gane Sefid iri biyu ne. Haka ne, sai dai kuskuren rage tazara Hubble ya yi, kuma ko a hakan ya ninka sau uku faɗin shekara 300,000 da Harlow Shapley ya ba tarin taurarinmu. Shi ma Shapley, da bai yarda irin wannan hazo yana wajen tarin taurarinmu ba, bai cancanci dariya ba. A muhawararsa da Heber Curtis a Washington a 1920, ya dogara da awon Adriaan van Maanen, mai nuna cewa ana iya ganin irin wannan hazo yana juyawa, abin da ba zai yiwu ba in da gaske yana da nisa haka. Awon ne ya ci amanarsa.

Sararin da ya buɗe a tsakanin tarin taurarinmu da sauran tarin taurari kuwa ba fayau yake ba. Akwai iskar haidurojin marar kauri ƙwarai, kusan ƙwayar zarra ɗaya a kowace mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, wadda ake gane ta ta yadda take tsotse wani ɓangare na hasken da ya ratso ta.