Daga Kududdufi Zuwa Tankin Tarwada

A Turai masu kiwon dabbobin ruwa cikin akwatin gilashi suna ji da niyut, wata 'yar halitta mai siffar ƙadangare, alhali dangin kwaɗo ce. Ba ta shiri da zafi. Mai ɗan juriya a cikin ire-irenta ita ce ta Sifaniya da Maroko, wadda idan aka matsa mata sai ta turo tsinin haƙarƙarinta ta cikin fata don kare kai. Kudu da Sahara kuwa babu ita sam, kuma duk wanda ya taɓa ruwan tankin saman gida a unguwar Daurawa ta Kano cikin Afrilu ba zai yi mamaki ba.

Kano na da nata 'yan ruwan, kuma kududdufi ne ya rene su. Tun da Sarki Gijimasu ya soma ganuwa, wajen ƙarni na 12, ake haƙar ƙasa ana yin tubali, ramin da aka bari kuma damina ta cika shi. Baturen matafiyi Heinrich Barth ya tarar da birnin cike da irin waɗannan ramuka a 1851. Sauro ya samu, amma tarwada da gaiwa ma sun samu. Gaiwa huhu gare ta: rani na kamawa sai ta nutse cikin laka, ta naɗe jikinta da yauƙi, ta bar 'yar kafar shan iska, ta kwanta watanni har ruwa ya sauka. Ita ma tarwada tana leƙowa sama ta shaƙi iska, shi ya sa ruwa mai ɗumi, ko da ya gurɓace, bai cika kashe ta ba.

Zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya kafa Gidan Zoo dab da Gyaɗi-Gyaɗi, aka gina dam ɗin Tiga, aka kammala a 1974, masunta suka samu babban ruwa. A cikin gari kuwa sai aka shiga cike kududdufai ana yanka filaye. Ambaliyar da ake yi cikin Agusta ba ta rasa nasaba da hakan.

Tarwada dai ba ta bar gari ba, tsakar gida ta koma. A Daurawa da Tarauni yanzu tankin roba ko na tamfol ake kafawa, a zuba 'ya'yan kifi, bayan wata huɗu zuwa shida masu gasa kifi na titin Zoo su zo da sikeli. Kukan masu kiwon ba na zafi ba ne, na tsadar abincin kifi ne da kuɗin man janareta na sauya ruwa.